Martani: Ƙaton Da Ke Koyon Bolin Ba Ƙarin Ƙarfi Yake Nema Ba

Kwanan baya wani marubucin wasanni ya fitar da shawara ga masu ɗaga ƙarfe, 'yan kokawa da sauran ƙarfafan matasa da suka fara leƙa zaurukan bolin, wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako don a kayar da kwalabe goma na itace da aka jera a ƙarshenta. Koken da ya sa shi ɗaukar alƙalami sananne ne ga duk mai koyar da wasan. Ƙato zai shigo yana ganin abin na yara ne da dattawa, kafin wata ya zagayo wuyan hannunsa na zogi, babban yatsansa ya kumbura, ƙwallo kuma ko dai ta suɓuce masa tun bai kai layin jifa ba, ko ta maƙale a yatsa ta yi sama ta faɗo tim a tsakiyar hanya. Ciwon na gaske ne, kuma marubucin ya kyauta da ya ɗauke shi da muhimmanci. Maganin da ya rubuta ne ya fi cutar haɗari.

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda za a faɗe shi ba tare da an tauye masa hujja ba. Mai ƙarfi ya ɗauki ƙwallo mafi nauyi da doka ta yarda da ita, domin nauyi ne ke watsa kwalabe, kuma wanda ke ɗaga kilo ɗari a ɗakin motsa jiki bai kamata kilo bakwai ya ba shi tsoro ba. Idan ƙwallo na suɓucewa, to riƙonsa ne bai yi ƙwari ba, sai ya ƙara matsewa, ya kuma sayi ɗan ƙarfen nan da ake matsawa a tafin hannu don ƙarfafa yatsu. Zogin wuyan hannu, a ganinsa, irin tsamin jikin da kowane sabon motsi ke kawowa ne, a daure zai wuce. Mai son ƙwallonsa ta lanƙwasa kamar ta ƙwararru ya murɗa wuyan hannu da ƙarfi a lokacin saki, in ya ji ciwo ya ɗaura abin tallafe wuyan hannu ya ci gaba. Ya rufe da cewa sayen ƙwallo a huda ta daidai da hannun mutum almubazzaranci ne ga mai koyo, ƙwallayen haya da ke jere a zaure sun ishe shi. Shawara ce mai daɗin ji ga wanda ya saba ƙarfi na buɗe masa kowace ƙofa. Illarta ita ce ta ɗauki dokar ɗakin ƙarfe ta kai ta wurin da ba ta aiki.

A fara da nauyi, tunda a nan ne yake da 'yar gaskiya. Dokar hukumar bolin ta Amurka, USBC, ta tsayar da iyakar nauyin ƙwallo a laba 16, wato kilo 7.26, kuma ba ƙarya ba ne cewa ƙwallo mai nauyi ba ta cika kaucewa ba idan ta daki kwalbar farko. To amma nawa ne bambancin da ake wannan jarumta a kansa? Tsakanin laba 16 da laba 15 bai kai rabin kilo ba. Kwalba ɗaya ba ta wuce laba uku da rabi da 'yan kai ba, saboda haka ƙwallo mai laba 15 ta ninka ta fiye da sau huɗu. Kuzarin da ƙwallo ke ɗauke da shi kuwa ya fi jin sauri fiye da nauyi: ƙarin gudu na kashi uku cikin ɗari da ɗan ɗoriya ya isa ya cike giɓin laba guda. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙwararru da yawa, mutanen da abincinsu ya dogara da faɗuwar kwalba ɗaya, suke wasa da laba 15. Shin su ma ragwanci ne ke damunsu? Ko kuwa sun gano cewa ƙwallon da za ka iya ajiyewa a wuri ɗaya sau sittin a jere ta fi wadda ke burge masu kallo sau biyar, sannan ta fara jan hannunka inda ta ga dama?

Batun inda ƙwallo ta sauka ne marubucin ya tsallake gaba ɗaya, alhali shi ne wasan. Daga layin jifa zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne, sama da mita 18, kuma faɗin hanyar katako 39 ne sirara. Mai jifa da hannun dama yana neman ɗan tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3 da ke bayanta ta dama. Idan jifa ta yi kyau, ƙwallon da kanta kwalabe huɗu kawai take taɓawa, ta 1, ta 3, ta 5 da ta 9, sauran shidan 'yan uwansu ne ke kayar da su. Wanda ya daki kwalbar farko a goshi da duk ƙarfin da Allah ya ba shi sau da yawa zai bar biyu a tsaye, ɗaya a kowace kusurwa, suna kallonsa. Da ƙarfi ne ke cin gasa, da tarihin ƙungiyar ƙwararru ta PBA, wadda aka kafa a 1958, ya cika da ƙatti. Sai ga Norm Duke, ɗan tsurut da tsayinsa bai wuce ƙafa biyar da inci biyar ba, ya ɗauki kambu 40. Walter Ray Williams Jr., mai kambu 47 da ba wanda ya kamo shi, an san shi ne da jifa mai sauƙi wadda ba ta kuskure wuri. A 2010 Kelly Kulick ta zama mace ta farko da ta lashe gasar zakarun PBA, ta doke Chris Barnes da maki 265 da 195 a wasan ƙarshe. Ina so marubucin ya gaya mana ƙarfen matsawa nawa ta fi Barnes murƙushewa.

Kwatanta kilo ɗari da kilo bakwai ma yaudara ce. A ɗakin ƙarfe mutum na dunƙule sandar da hannu biyu, yatsu goma sun zagaye ta, wuyan hannu a miƙe, nauyin ya bi ƙashi ya sauka a kafaɗa da ƙugu, ya ɗaga sau takwas ko goma ya ajiye ya huta. A bolin yatsu uku ne na hannu ɗaya ke cikin rami, nauyin na rataye can gaba da gaɓar wuyan hannu, yana lilo daga baya zuwa gaba, kuma a ƙasan lilon, inda gudu ya fi yawa, ƙwallo na jan hannu fiye da nauyinta na kan sikeli. Mai koyo ba ya kayar da goma a jifa ɗaya, don haka yana jifa kusan 20 a kowane wasa, wasa uku kusan 60 ke nan a zama ɗaya. Manyan tsokokin ƙirji da kafaɗa da ya shekara yana ginawa ba su ne ke ɗaukar wannan aiki ba. Ƙananan jijiyoyin da ke ratsa wuyan hannu zuwa yatsu ne, kuma su ba a taɓa yi musu wannan horon ba. Mai rauni jikinsa kan gaji da wuri ya tsayar da shi. Ƙato kafaɗarsa ba ta gajiya, sai ya yi ta jifa har ya wuce abin da wuyan hannunsa zai iya ɗauka ba tare da wani abu ya ja masa birki ba.

Sai batun riƙo, inda marubucin ya juya gaskiya a bai-bai. Ƙwallon bolin ba matse ta ake yi ba. Idan ramukan sun dace da hannu, tana rataye ne a yatsu da ɗan ƙaramin riƙo, kuma a lokacin saki babban yatsa ne ke fara zamewa ya fita, sannan yatsan tsakiya da na zobe su biyo baya cikin ƙiftawar ido. Wannan ɗan tsakanin shi ne ke sa ƙwallo ta juya. To me ke faruwa idan mutum ya matse? Babban yatsa na lanƙwashewa a cikin rami, gaɓarsa ta tokari bangon baya, kansa ya tokari na gaba, ya zama ƙugiya. Lokacin da ya kamata ya fita sai ya tsaya, ƙwallo mai kilo bakwai da ke gudu ta fizge shi, fizgar ta bi ta gindin yatsa ta shiga wuyan hannu. Mai jifa ya ji ta maƙale, a jifa ta gaba ya sassauta da wuri, ta faɗi a bayan ƙafarsa, ya ce ashe riƙona ne babu ƙwari, ya ƙara matsewa. Marubucin ya iske mutum a cikin wannan zagaye ya miƙa masa ƙarfen ƙara matsa. Wanda matsalarsa ita ce ya kasa saki, shi aka tura koyon riƙewa.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce me ya sa hannun ke matsewa tun farko, kuma amsar na kan kantar ƙwallayen hayar nan da ya ce sun isa. Ana huda su ne da ma'auni na gama-gari, kuma galibi girman rami da tazarar da ke tsakanin ramuka na ƙaruwa ne tare da nauyin ƙwallo. Mai kaurin babban yatsa zai yi ta gwadawa har ya samu wadda yatsansa ya shiga, sai ya tarar ita ce mafi nauyi, ko ya so ko bai so ba. Mai ƙarfi da siraran yatsu, in ya bi shawarar marubucin ya ɗauki laba 16, zai samu rami mai faɗi da yatsansa ke yawo a ciki, kuma babu yadda zai hana ta faɗuwa sai ya yi ƙugiya. Idan tazarar ta yi tsawo, fatar tsakanin babban yatsa da manuni za ta miƙe, gindin yatsa ya riƙa goga da bakin rami. Idan ta yi gajarta, yatsu su takure su danna. A bakin ƙofar zaure za a tambaye ka lambar takalminka kafin a ba ka na haya, amma ba mai tambayar girman yatsanka. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma babu yawan atisayen da zai sa ramin da aka huda don hannun wani ya koma na hannunka.

A kan ciwo kuwa ba zan sassauta masa ba, domin nan ne shawararsa za ta iya nakasa mutum. Masu motsa jiki sun san tsamin tsoka: yana zuwa ne washegari, ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, yana bazuwa a cikin naman tsokar, ya tafi da kansa. Idan abin da mai koyo ke ji ke nan a tsokar da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, marubucin na da gaskiya, zai wuce. Amma zogi mai suka a wuri ɗaya, a gefen wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, wanda ke tashi duk lokacin da aka ɗaga abu ko aka murɗa, wani labari ne. A nan akwai jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa da ke bi ta wani ɗan matsattsen kwaroro, kuma idan kwaroron ya yi kauri saboda yawan goga, jijiyoyin ba sa zamewa sai da ciwo. Likitan fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana wannan cuta tun 1895, kuma sunansa take ɗauke da shi har yau. Gwajinta ma sananne ne: a sa babban yatsa cikin dunƙulallen hannu, a karkatar da wuyan hannu zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa, mai ita zai ji kamar an soka masa allura. Jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba ta samun jini kamar tsoka, don haka ba ta saurin sabawa da sabon aiki, ba ta kuma saurin warkewa. Abin da hutun kwanaki zai iya kwantarwa a farko, dauriya kan mayar da shi jinyar watanni.

Akwai ma cutar da likitocin hannu suka laƙaba wa sunan wasan kansa, babban yatsan ɗan bolin. Jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa gefen babban yatsa na ciki tana kwance ne kusa da fata, daidai inda bakin rami ke danna. Idan aka yi ta gogarta, nama mai tauri kan taru ya naɗe ta, mutum ya fara jin tsira-tsira ko yatsa ya mutu, wani lokaci har da ɗan ƙullutu mai zafi in an taɓa. Dobyns da abokan aikinsa sun wallafa bayanin masu wannan matsala 17 a mujallar likitocin ƙashi a 1972. Maganin da ake farawa da shi shi ne a daina jifa na wani lokaci, a sake huda ramin ko a sassaƙe bakinsa, a sa wa yatsa kariya, kuma wanda ya ƙi ji har ta yi nisa yana iya ƙarewa a ɗakin tiyata. Wace dauriya ce ke farfaɗo da jijiyar da ake ci gaba da dannewa? Mutuwar yatsa ba alamar jiki na sabawa ba ce ko a wane wasa, kuma wanda ya ji ta, ko ya ga kumburin da ya ƙi sacewa, ko ƙarfin riƙonsa ya ragu a ayyukan gida, likita zai nufa.

Murɗa wuyan hannu don ƙwallo ta lanƙwasa shi ne inda shawarar ta zama abin dariya, in ba don ciwon da ke bayanta ba. Ana shafa wa hanyar bolin mai a kusan kashi biyu cikin uku na farkonta, ƙwallo ta zame a kan man, sai ta isa busasshen wuri kafin fatarta ta kama ƙasa ta karkata. Ƙwallayen ƙwararru na da fata mai shan mai da kama ƙasa, irin wadda ta shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, da kuma dunƙulen nauyi a ciki da aka tsara don ya taimaka wa juyi. Ƙwallayen haya yawanci na roba ne mai santsi, wadda aka yi don ta jure wahala ta tafi ɗoɗar. Ƙwararru kan ajiye irin wannan roba a jaka, su fito da ita idan kwalba ɗaya ta rage a kusurwa, saboda sun san ba za ta lanƙwasa ba. Wato marubucin ya hana mai koyo sayen ƙwallon da ke lanƙwasa, ya bar shi da wadda ƙwararru ke zaɓa don ba ta lanƙwasa, sannan ya ce ya murɗa gaɓarsa har sai ta lanƙwasa. A ɓangaren ƙaramin yatsa na wuyan hannu akwai ɗan guringuntsi da ke ɗaukar irin wannan murɗiya, kuma shi zai biya kuɗin. Abin tallafe wuyan hannu na da amfaninsa ga wanda wuyan hannunsa ke karyewa baya don rashin ƙarfi. Ga wanda ciwonsa daga rami ne da matsa, ɗaura shi kawai zai ba shi damar ci gaba da abin da ke cutar da shi.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce ai wasan ya canza, yanzu zamanin masu juyi mai tsanani ne, a nuna Jason Belmonte na Ostireliya, wanda ya fi kowa yawan manyan kambuna a tarihin PBA, a ce dubi irin ƙarfin da ke cikin jifarsa. A duba da kyau. Belmonte da hannu biyu yake ɗaukar ƙwallo, ba ya ma sa babban yatsa a rami, kuma salon ya samo asali ne tun yana ɗan ƙaramin yaro a zauren bolin na iyayensa a garin Orange, lokacin da ƙwallo ta fi ƙarfin hannunsa ɗaya. Gwarzon da ake kafa hujjar ƙarfi da shi ya gina wasansa ne a kan amincewa da cewa ƙwallo ta yi masa nauyi. Gudun jifarsa daga ƙafafu da ƙugu yake fitowa. Za a kuma kawo Mookie Betts, tauraron besbol na Amurka da ya ci cikakkun maki 300 a gasar ƙwararru a 2017, a ce ga ɗan wasa mai ƙarfi da ya shigo ya yi zarra. Betts tun yana yaro yake bolin, mahaifiyarsa 'yar wasan ce, hannunsa ya koyi saki shekaru kafin ya yi damtse. Ban musa cewa ƙarfi na da rana ba. Tsokar hannu mai ƙwari na taimaka wa mutum ya tsayar da wuyan hannunsa a miƙe, ƙafafu masu ƙarfi na tsayar da shi cak a layin jifa. Wannan ƙarfin tsayawa ne, kuma ƙaton da ake magana a kansa ya riga ya mallake shi fiye da bukata.

Saura batun kuɗi, kuma damuwa ce ta halal, musamman ga wanda zai je zaure sau ɗaya a wata don nishaɗi. Irin wannan ba sai ya sayi komai ba, amma ko shi akwai abin da zai yi wanda ya saɓa da shawarar marubucin. Ya zaɓi ƙwallo da yatsa kafin ya dubi lambar nauyi. Babban yatsa ya shiga har gindinsa, ya iya juyawa a ciki yana ɗan taɓa bango ba tare da ya maƙale ba. Ya shimfiɗa sauran yatsu biyun a kan ramukansu, layin gaɓa ta biyu ya ɗan wuce bakin ramin na kusa. Idan ya sa yatsun duka, fensir ya iya ratsawa tsakanin tafinsa da ƙwallo yana taɓa duka biyun. In wadda ta cika waɗannan laba 12 ce, laba 12 zai jefa, ko da abokansa za su yi masa shaƙiyanci. Ya tallafe ta da ɗaya hannun har ya fara tafiya, ya bar nauyinta ya yi lilon, ya jefa ta ɗoɗar, ya tsaya a wasa biyu a makonnin farko.

Wanda kuwa ya ƙudurta zai riƙa zuwa kowane mako, matsayina a kansa ba ya rawa: ƙwallon da aka huda da ma'aunin hannunsa ita ce abu na farko da zai kashe wa kuɗi, kafin ƙarfen matsawa, kafin abin ɗaurin wuyan hannu. Mai hudawa zai auna tazarar yatsunsa, da kusurwar da babban yatsansa ke iya fita ba tare da tokari ba, ya sassaƙe bakin ramin inda jijiyar ke kwance. Mai koyo ya fara da riƙon da yatsu ke shiga har gaɓa ta biyu, ya bar na kan yatsa sai hannu ya saba. Tunda yatsa kan kumbura ko ya sace gwargwadon zafi da yawan jifa, ana huda ramin da ɗan sarari, a riƙa liƙa siririn tef a ciki ko a cire har ya zauna daidai. Ƙwallon da ta dace da hannu sau da yawa takan yi sauƙin ɗauka fiye da ta haya da ta fi ta rashin nauyi, domin tsokar da a da ke aikin hana ta faɗuwa ta huta. Idan bayan wannan gyara zogin ya ci gaba, jifa ta tsaya har sai likita ya duba hannun.